Yadda Ake Rubuta Taƙaitaccen Tarihin Ɗan Wasa Mai Ban Dariya a Furogiram

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu da na unguwanni a Katsina, musamman masu shirya wasa mai haɗe da waƙa da kiɗa a ƙarshen zangon karatu ko bayan sallah, sukan raba wa 'yan kallo furogiram, wato 'yar takardar da ke ɗauke da tsarin wasa da sunayen 'yan wasa, a bakin ƙofa. Shafin da aka fi karantawa a ciki shi ne na 'yan wasa, domin mutane sukan zauna jiran a fara, kuma kowa yana neman sunan ɗansa ko ƙanwarsa ko maƙwabcinsa. Al'adar ta samo asali ne daga gidajen wasan Turai da Amurka. A birnin New York, ɗan littafin da ake kira Playbill, wanda tarihinsa ya faro tun 1884, yana ware wa kowane ɗan wasa 'yan layuka da ke lissafa wasannin da ya taɓa fitowa a ciki. Ɗan wasan sa-kai ba shi da irin wannan dogon jeri, domin tela ne ko ɗaliba ko malamin firamare, saboda haka barkwanci ne ke cike gurbin. Sharaɗin aikin gaba ɗaya shi ne dariyar ta zama wadda mai sunan zai yi tare da jama'a, ya kuma kai takardar gida ya nuna ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne cikakken jerin sunaye daga hannun darakta, wanda ya ƙunshi 'yan wasa da matsayin kowa, da makaɗa, da 'yan amshi, da masu kula da sutura, har da mai kula da janareta idan shugabanni sun yarda a sa shi. Sai littafin rubutu da biro, da waya mai WhatsApp don karɓar amsoshi, da kwamfuta ko wayar da aka sa wa allon rubutun Hausa mai haruffa masu lanƙwasa, irin wanda ke cikin manhajar Gboard. Idan za a sa hotuna, a nemi na fasfo masu haske. Kana kuma buƙatar masu karatu biyu, ɗaya daga cikin ƙungiya, ɗaya kuma dattijo ko dattijuwa daga waje wanda bai taɓa zuwa wurin gwaji ba. Game da lokaci, ka ware mako uku kafin ranar wasa, domin rubutun ba ya cin lokaci kamar yadda bin mutane su ba da amsa yake ci.

1. Ka san girman filin da kake da shi

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka tambayi ma'ajin ƙungiya shafi nawa kuɗin bugu zai ɗauka. Takardar A4 da aka ninka biyu tana ba da shafi huɗu masu girman A5, don haka furogiram yana tafiya ne huɗu-huɗu, wato shafi 4 ko 8 ko 12. Ka cire bango da shafin tsarin wasa da na godiya ga masu tallafi, abin da ya rage shi ne naka. Shafin A5 yakan ɗauki mutum huɗu idan kowa ya samu kalma 50 zuwa 70 tare da ɗan hoto. Idan 'yan wasa sun yi yawa kuma kuɗi ya gaza, a bar hotunan a rage kowa zuwa kalma 30.

Ka ba kowa tsawo iri ɗaya. Idan jarumi ya samu rabin shafi, ɗan amshi kuma layi biyu, za a ƙirga, kuma za ka ji maganar a gwaji na gaba.

2. Ka tattara bayanai daga bakin masu su

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su ce wa kowa ya rubuto tarihinsa. Abin da ke dawowa kashi biyu ne: masu aiko da sunayen makarantun da suka yi tun daga firamare kamar masu neman aiki, da masu cewa "duk abin da ka rubuta ya yi". Maimakon haka, ka tura musu gajerun tambayoyi. Wane suna kake so a buga, kuma yaya ake rubuta shi? Mece ce sana'arka ko ajinka? Yaushe ka fara tsayawa gaban jama'a, ko da a tashe ne ko a wasan makarantar Islamiyya? Me ya fi ba ka wahala a wannan wasa? Me mutanen gidanku suka ce da suka ji za ka hau dandamali? Wa kake so ka gode wa? Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, wato mene ne ba ka so a ambata ko da wasa.

Ka nemi a amsa da saƙon murya. Mutumin da zai rubuto maka jimla biyu busassu, idan ya buɗe baki sai ya ba ka labarin yadda ya riƙa haddace waƙarsa a kan babur har fasinja ya nemi a sauke shi, kuma wannan labarin shi kake nema. Wanda ba shi da waya, ko wadda ba ta son a ji muryarta a wayar wani, ka zauna da su minti biyar bayan gwaji, mace kuma a gaban wata 'yar ƙungiya. Ka halarci gwaji aƙalla sau biyu ka zauna a gefe da littafinka, domin a nan za ka ga wanda kullum ke zuwa a makare da sabon dalili, da wadda ta haddace baitukan kowa ban da nata.

3. Ka kafa gaskiya kafin ka sa dariya

Kowane tarihi yana tsayawa ne a kan abu huɗu a jere: suna da matsayi a wasan, sai gaskiya guda game da mutumin, sai barkwanci guda, sai godiya. Ana rubutawa da "ya" da "ta", kamar wani ne ke gabatar da shi, ko da shi ya tsara maganar da kansa. Hakan ya dace da mu ƙwarai, domin Bakatsine ba ya jin daɗin yabon kansa da bakinsa, amma idan wani ne ya faɗa, sai ya yi murmushi ya ƙyale.

Ga irin abin da ake yawan rubutawa, wanda bai ce komai ba (sunayen da ke cikin misalan nan duk na ƙirƙira ne): "Sada ɗan wasa ne mai hazaƙa da ƙwazo, mai son barkwanci, wanda kowa ke ƙauna." Ana iya cire sunan Sada a sa na kowa, jimlar ba za ta canza ba. Ga shi kuma bayan an yi amfani da amsoshinsa:

"Sada (Sarkin Noma) tela ne daga Ƙofar Guga, kuma wannan ne wasansa na uku. Duk abin da ya taɓa shukawa a rayuwarsa bai wuce tumatir ɗaya a bokiti ba, shi ma akuya ce ta girbe. Yana godiya ga maigidansa da ya riƙa sallamarsa da wuri, da kuma masu ɗinkin da har yanzu suke jiran kayan sallar bara."

Wanda bai san Sada ba ya san shi yanzu, ya san matsayinsa a wasan, ya kuma yi dariya. Idan ka goge barkwancin, abin da ya rage dole ya kasance gaskiya ce tsantsa, domin wasu za su karanta ne kawai don su san wane ne ke sanye da rawani.

4. Ka gina barkwancin

Nan ne aikin yake, kuma ba sai ka je nesa neman dabara ba, domin 'yan kama da 'yan gambara da yaran tashe sun daɗe suna amfani da ita. Dabarar ita ce a haɗa babbar magana da ƙaramin abu.

Hanya mafi sauƙi ita ce kirarin da ke faɗuwa a ƙarshe. Ka ɗaga mutum sama da kalmomin da ake yi wa mazaje, sannan ka sauke shi a kan wata 'yar gaskiya ta wurin gwaji: "Gagarabadau namijin duniya, ba ya gudu ba ya ja da baya, sai fa idan an ce a zo a kwashe benci." Kirarin ya zama gajere, domin idan ya wuce layi ɗaya mai karatu zai hango inda za ka sauka tun kafin ka isa. Kada kuma ka ari kirarin wani basarake ko wani gidan sarauta da aka sani, ka tsaya ga na gama-gari.

Ta biyu ita ce harshen ofis a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mun saba jin sanarwar gwamnati a rediyo, saboda haka kunne yana gane salon nan take: "Binta (Uwar Biki) ta riƙe muƙamin Babbar Mai Kula da Kular Zoɓo tun kafuwar ƙungiya, kuma ba a taɓa samun ta da almundahana ba, in ban da kofi biyu da kwamiti ke ci gaba da bincike a kansu." A ganina wannan salon ya fi kowane aminci, domin abin da ake yi wa dariya shi ne harshen, mutumin kuma ya tsira da mutuncinsa.

Akwai kuma jerin abu uku, biyu na gaske, na ukun ya karkace: "Ta iya waƙa, ta iya amshi, ta kuma iya ɓacewa daidai lokacin da za a tara kuɗin mai." Akwai saɓani tsakanin mutum da matsayinsa, kamar misalin Sada, ko yaron da ya fi kowa kunya aka ba shi sanƙira. Tun da wasan na waƙa ne, murya da kiɗa ma suna ba da abin faɗa. Mai rera waƙa ana iya cewa "ya fara waƙa tun yana ɗan shekara bakwai a tashe, inda maƙwabta suka riƙa ba shi hatsi da sauri don ya ƙara gaba". Makaɗi mai shiru kuwa, "duk tsawon gwaji ba a ji ya furta kalma goma ba, abin da ke ransa kalangu ke faɗa". Sai dai ka lura, irin wannan tsokana ta murya ana yi wa wanda kowa ya san ya iya ne. Wanda muryarsa ke rawa da gaske, kuma yana fama da tsoron dandamali, a nemo masa wani abin dabam.

Wasan da ke tsakanin al'ummu ma yana da amfani idan akwai shi a ƙungiya. Katsinawa suna wasa da Nufawa da Haɗejawa, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, haka nan taubasai a cikin dangi. Layi guda kamar "Bahaɗeje ne, amma ƙungiya ta yafe masa" ya isa ya tashi zaure da dariya, muddin mai sunan ya yarda kuma an ba shi damar ramawa a layin godiyarsa. Inda babu wannan tsohuwar alaƙa, kada ka ƙirƙiro ta, domin tsokanar ƙabila ba tare da ita ba cin fuska ce.

Duk salon da ka ɗauka, kalmar da ke ɗauke da dariyar ta zo a ƙarshen jimla, kuma kada ka bi ta da bayani ko alamar motsin rai uku ko "wasa nake yi". Barkwanci guda ya isa mutum guda, biyu idan na biyun yana cikin godiya. Ka guji barkwancin da 'yan ƙungiya kaɗai za su gane. Idan sai wanda ya halarci gwajin ranar Laraba zai fahimci abin da "batun tabarma" ke nufi, to mutum goma ne za su yi dariya, sauran zauren kuma su ji an ware su.

5. Ka san inda wasa ya tsaya

Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga aka raba wa ɗaruruwan mutane. Abin da aka faɗa a wurin gwaji yana wucewa, amma furogiram yana shiga aljihu ya isa gida, ya faɗa hannun uba ko suruki ko shugaban makaranta, wani kuma ya ɗauki hotonsa ya sa a Facebook. Saboda haka bambancin barkwanci da zambo da habaici ya zama a gabanka kullum. Ba a taɓa halittar mutum, ko in'ina, ko naƙasa, ko rashin lafiya. Ba a taɓa bashi, ko faɗuwa jarrabawa, ko rashin aiki. Ba a taɓa asali ko sana'ar gado da sigar raini. Ba a shiga aƙida ko ɗariƙa ko jam'iyya, kuma ba a kwaikwayon aya ko hadisi ko addu'a don a ba da dariya. Idan akwai 'yar tsama tsakanin mutum biyu a ƙungiya, kada ka bari ɗaya ya yi amfani da layin godiyarsa ya jefi ɗayan.

Tarihin mata yana buƙatar ƙarin kula. Budurwar da iyayenta suka bar ta ta hau dandamali bayan dogon lallashi, layi guda game da samari ko jinkirin aure ko kwalliya yana iya sa a hana ta dawowa, a kuma hana ƙannenta. Ka tsaya ga aikinta a wasan da karatunta da abin da ita da kanta ta ba ka. Matar aure ka tambaye ta yadda take so a rubuta sunanta, kuma a wurin godiya "maigidanta" ya wadatar, domin da yawa ba sa son a buga sunan miji ko na ɗan fari a matsayin maganar da ta fito daga bakinsu. Yara 'yan makaranta sai da izinin iyaye ko malamin da ke kula da ƙungiya. Kada a sa lambar waya ko kwatancen gida na kowa, sunan unguwa ya isa, ga 'yan mata ma ana iya barin sa.

Dattijon da ya shigo wasan, ko malamin da ya karɓi matsayin alƙali don ya taimaka, a rubuta "Malam" ko "Alhaji" ko "Hajiya" yadda ake kiran su. Idan za a yi wasa a tarihinsu, ya faɗa kan yaran da suka wahalar da su: "Malam Lawal (Alƙali) ya shekara ashirin yana koyar da lissafi, amma ya ce ƙirga waɗanda suka zo gwaji a kan lokaci bai taɓa ba shi wahala ba."

6. Ka duba shafin gaba ɗaya

Bayan ka gama ɗaiɗaiku, ka jera su ka karanta daga sama zuwa ƙasa. Idan mutum huɗu a jere duk kirari ne, ko duk an tsokane su da makara, ka sauya wasu. Ka jera sunaye bisa haruffa ko bisa yadda za su fito a dandamali, ka kuma rubuta hakan a saman shafi don kada a ce ka fifita wani. Za a samu wanda ba ya son wasa ko kaɗan, shi kuma a rubuta masa tarihi mai tsabta ba tare da an matsa masa ba.

7. Ka karanta da murya, ka rage

Ka karanta wa mai karatunka na cikin ƙungiya da babbar murya, ya gyara maka abin da ba daidai ba. Sannan ka miƙa wa dattijon nan na waje takardar ya karanta da kansa, kai kuma ka yi shiru kana kallon fuskarsa. Inda ya tsaya ya ce "me ake nufi a nan?" barkwancin bai fito ba. Inda ya ɗaga kai ya dube ka ba tare da murmushi ba, ka goge layin ko da kana ganin shi ne mafi kyau a shafin. Daga nan ka bi kowace jimla ka cire kalmomin cika fili irin su "haƙiƙa" da "babu shakka" da "matuƙa". Idan ɗan wasa ya faɗi wata magana da Katsinanci kuma za ka kawo ta a matsayin maganarsa, ka bar ta yadda ya faɗa.

8. Ka nemi amincewar kowa

Ka tura wa kowane mutum nasa shi kaɗai, kada ka zuba duka a zauren WhatsApp na ƙungiya, domin a gaban jama'a mutum zai ji nauyin cewa bai so. Ka tambaye shi kai tsaye ko akwai abin da za a cire, ka kuma ba shi kwana biyu. Amsar "ba komai" da aka ja ta a hankali, sau da yawa tana nufin akwai komai, don haka ka sake tambaya ta wata hanya, ko ka aiko masa da zaɓi biyu ya ɗauki ɗaya. Wanda bai amsa ba har lokacin bugu, a buga masa suna da matsayi da godiya kawai.

9. Bugu

Haruffa masu lanƙwasa su ne ke ba da matsala a shagon buga takardu. Yawancin nau'o'in rubutu na ado ba su da su, sai ka ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar sunan mutum. Ka zaɓi nau'in rubutu na yau da kullum, ka tabbata haruffan sun fito, ka mayar da aikin PDF kafin ka kai, don kada kwamfutar shagon ta sauya maka tsari. Girman rubutu kada ya gaza 10, saboda iyaye da kakanni ne za su fi ƙura masa ido, wani lokaci a zaure mai ƙarancin haske. Ka sa a buga kwafi ɗaya tukuna, ka ninka shi da hannunka ka ga shafuka sun bi juna, ka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya da jerin darakta, ka kuma tabbata kowane hoto yana kan sunan mai shi. Idan fotokwafi za a yi, hoto mai duhu yakan koma baƙi ƙirin, gara a bar hotunan gaba ɗaya. Idan babu kuɗin bugu sam, a rubuta tarihin da alƙalamin maka a kan kwali a liƙa a bakin ƙofa, a kuma tura PDF ɗin ta waya.

10. Idan an samu canji bayan bugu

Kusan kowane wasa akwai wanda tafiya ko rashin lafiya ko rasuwa a dangi za ta hana shi zuwa. Kada a sake bugu, kuma kada a soke sunansa da biro. A yanka 'yar takarda mai ɗauke da sunan wanda ya maye gurbinsa da layi biyu a kansa, a saka a cikin kowane kwafi, mai gabatarwa kuma ya sanar kafin a fara. Idan rasuwa ce ta hana mutum zuwa, mai gabatarwa ya yi masa ta'aziyya kawai, kada ya karanta barkwancin da ke ƙarƙashin sunansa. Ka ware kwafi ɗaya ga kowane ɗan wasa tun kafin a buɗe ƙofa, domin 'yan kallo sukan kwashe duka, ka kuma ajiye biyu a fayil ɗin ƙungiya don wanda zai rubuta na baɗi ya ga tsokanar da aka riga aka yi wa kowa, kada ya maimaita.